Ɗaya, Uku, Huɗu, Saura Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Wata 'yar wuta ta kama a gaban motar Abbansu. Ruwan ɗorawa, mai siffar inji, kusa da allurar mai. Na tayar da motar zan je sayen zare, sai ga ta tana kallona. Ba ta ƙiftawa, ba ta mutuwa.

Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye bara, bakinsa ya rufe, ni ke jan motar nan, kuma ba na wahalar da ita. Asibiti ranar Alhamis, kasuwa in ta kama, shi ke nan. Sauran kwanaki tana ɗakinta a rufe, makulli a jakata. Shagon ɗinkina a ƙarshen layi yake, da ƙafa nake zuwa. To me ya taɓa ta?

Na tambayi Auta, tunda shi ke zama da mahaifinsa da safe kafin ya tafi aikinsa na yamma a gidan mai. Ya ce bai sani ba. Bai kalle ni ba da ya faɗa. Yaran yanzu, gemu ya fito, ido ya kasa tsayawa a fuskar uwa.

Talata, 4 ga Maris

Na kai ta wurin Dogo. A hannun Abbansu ya koyi kanikanci, yanzu shi ke riƙe da garejin. Ya yi tumbi. Na gaya masa.

Ya jona wata 'yar na'ura ƙarƙashin sitiyari. Ya ce, "Mama, motar yanzu da bakinta take faɗin ciwonta, sai dai da lamba take magana." Lambar ta fito, P0301. Ya ce injin ɗaki huɗu ne, silinda ke nan, kuma lambar ƙarshe ita ke nuna ɗakin da bai ci wuta ba. Na ɗaya. Ya canza filogi, ko da yake ya jujjuya tsohon ya ce bai ga laifinsa ba. Ya goge lambar, wutar ta mutu.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Ya ce na'urar tana riƙe halin da mota take ciki lokacin da abin ya faru. A tsaye take, inji na silo, wato yana aiki ba a taka mai ba, kuma an ɗan jima da tayar da ita. Na ce ni ba na barin mota tana shan mai a tsaye, almubazzaranci ne. Ya ce, "To, Mama, ita dai haka ta ce."

Ya tambayi jikin Oga. Na ce da sauƙi, in yana son sani ƙafarsa ba ta karye ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Asibiti. Wuta ba ta kama ba.

Mai gashin ƙashi ta sake cewa in bar shi ya riƙa gwada sandar nan mai ƙafa uku. Yarinya ce, ba ita ta ɗaga shi daga ƙasan banɗaki ba ranar da ya faɗi, jini a goshi. Na ce to. Sandar tana bayan ƙofa, a can za ta zauna. Mai ciwo ya zauna a yi masa, shi ne hankali.

Asabar, 8 ga Maris

Ina yi masa wanka na ga baƙi a kunnensa na dama. Ba datti ba, maiƙo. Sai da na sa sabulu sau da yawa. Na yi wa Auta faɗa: a bar maka mutum na ɗan lokaci, ka kasa ko share masa jiki? Da wane hannu kake taɓa shi? Ya ce, "Yi haƙuri, Umma."

Abbansu ya zuba mini ido ina faɗan. Da can in na fara yakan ce, "An buɗe rediyo." Yanzu ido kawai.

Litinin, 10 ga Maris

Na dawo da azahar na shiga ɗakin mota ta ƙofar ciki, ɗauko tsintsiya. Warin hayaƙi, kaɗan, kamar wanda ya wuce ya bar ƙamshin rigarsa. Na ɗora hannu a kan bonet. Da ɗumi.

Makulli na jakata. Na duba. Na sake dubawa.

Na tayar da ita. Wutar.

Talata, 11 ga Maris

Wannan karon uku ne. P0303.

Dogo ya sosa ƙeya. Ya ce in kwayil ne ya lalace, wato abin da ke ba filogi wuta, ciwon yana bin kwayil ɗin duk inda aka kai shi. To shi bai taɓa musanya su ba. Ya musanya na uku da na ɗaya, ya tayar, ya taka, ya zaga layi ya dawo. Babu komai. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ko ɓera ya ci. Lafiya lau. Ya auna ƙarfin kowace silinda. Daidai.

"Mama, ciwo ba ya tsallake ɗaki ya faɗa na gaba. Ba ƙyanda ba ce."

Na ce to aljanu ne? Ya ce in su ne, sun iya aiki, ko ƙusa ba su yar ba. Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce ya rage wasa da abin da bai sani ba.

Halin da ta riƙe, irin na wancan. A tsaye. Silo.

Da na dawo na zaunar da Auta. Na ce ya yanko wani makulli yana ɗaukar motar mahaifinsa yawon banza, ya bar mara lafiya shi kaɗai a gida. Ya rantse bai taɓa fita da ita ba. Na ce rantsuwa ba ta yi wa maƙaryaci wuya. Na gaya masa, kuma ina rubutawa a nan don kada zuciyar uwa ta yaudare ni: in na kama shi, ya bar gidan nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nawa ya fara bushewa, to gara ya karye a hannuna da ya karye a hannun duniya.

Laraba, 12 ga Maris

Na duba lambar tafiyar motar. Inda na bar ta jiya, nan take. Ba ta je ko'ina ba.

To mai tayar da mota bai je ko'ina ba, me yake nema?

Jumma'a, 14 ga Maris

Maƙwabciya ta kawo gyaran riga shago. Cikin hira ta ce, "Ai ina jin ɗanki yana ɗumama mota da hantsi. Ya wangale babbar ƙofa ya tsaya a baki yana leƙen hanya kamar mai gadi."

Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na rufe shago na zo gida. Bai musa buɗe ƙofa ba. Na ce ina makullin? Ya ce ba shi da makulli. Na ce wa ke tayar da motar? Shiru. Na ce wa kake tsaron zuwansa, ni? Shiru. Abokan banza yake kawo mini gida ke nan, su shiga mota su kunna sanyi su sha abin da suke sha, uba na kwance bango ɗaya tsakani. Na faɗi wannan, na faɗi fiye da wannan. Ya tsaya kansa a ƙasa kamar an dasa shi.

Ya haɗa jakarsa. Ya shiga ya durƙusa gaban mahaifinsa ya jima. Ban ji abin da ya ce ba. Abbansu ya riƙe masa wuyan riga da hannun dama, sai da na ɓanɓare.

A bakin ƙofa ya juyo. Na ɗauka haƙuri zai ba ni. Sai ya ce, "Umma, don Allah kar ki sa wa babbar ƙofar nan kwaɗo. Ki bar ta a ɗage ko kaɗan ne."

Ka ji rashin kunya. Na sa mata kwaɗo a gabansa.

Asabar, 15 ga Maris

Yayar Auta ta kira. Yana wurinta, a falo yake kwana. Ta fara "Umma, ai da kin..." Na ce ta bari sai ta haifi nata ta raina.

Lahadi, 16 ga Maris

Gidan ya yi girma. Abbansu ya ƙi cin abinci, ya juya fuska bango.

Ba zan iya rufe shago ba, akwai kayan makaranta da na karɓa. Na roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙa shi. Ai ba ya zuwa ko'ina, inda aka kwantar da shi nan ake samunsa.

Na barbaɗa hoda a ƙasan ɗakin mota, daga ƙofar ciki har gindin taya. In yaron nan yana haurowa ta katanga, sawunsa zai faɗa mini.

Talata, 18 ga Maris

Dole in rubuta wannan.

Na dawo da azahar. Tun daga falo hayaƙi ya tare ni, mai nauyi, har idona ya yi ruwa. Na buɗe tagogi. Abbansu na kan gado, a kwance yadda na bar shi, sai dai ya yi amai a matashi, gumi ya jiƙa shi, numfashi sama-sama. Na girgiza shi ya buɗe ido da ƙyar ya dafa kai. Na kunna fanka, na shafa masa ruwa, na yi ta addu'a. Da la'asar ya dawo daidai. Na kira asibiti, sun ce in kawo shi in ya sake.

Maƙwabciya ta ce ta leƙo da hantsi yana barci. Daga baya ta ji ƙarar inji, ta ɗauka ni ce.

Sai da ya samu barci na je ɗakin mota. Kwaɗo na nan a kulle. Bonet a rufe, da zafi. Mota a kashe.

Hodar. Sawun ƙafa ɗaya, babu takalmi, ƙafar dama. Gefensa dogon layi, kamar an ja buhu. Gefen wannan kuma ɗigo uku, ɗigo uku, ɗigo uku, har gaban mota, su dawo.

Na daɗe a tsaye. Na share. Na wanke da ruwa.

Na kira yayar Auta, na tambaya kamar ba komai. Ta ce tun safe yana tare da mijinta suna gyaran famfo.

Ban tayar da motar ba. Na san abin da zan gani.

Laraba, 19 ga Maris

Ban kai ta ba, Dogo na kira ya zo gida da na'urarsa. Na buɗe masa kwaɗo. Wutar na nan. Huɗu.

Ya ce, "Ɗaya, uku, huɗu." Ya sake faɗa a hankali, yana lanƙwasa yatsu. Sai ya haska fitila a kan soket ɗin kwayil na huɗu. 'Yar maƙalarsa ta tsage, da karce-karce a jiki, irin na wanda ya yi ta fama da hannu ɗaya. Na uku ma da karce. Na ɗaya ma. Na biyu fes.

Ya ce, "Mama, inji ba ya cin wuta a jere. Ɗaya ke fara ci, sai uku, sai huɗu, sai biyu. Mutanen da, kafin na'ura, in suna son jin lafiyar inji, sai su bar shi a silo su zare wutar silinda ɗaya su saurara. In murya ta canza, wannan ɗakin na aiki. Su mayar, su zare na gaba. Kowa a jere yake bi, ɗaya biyu uku huɗu. Mutum ɗaya na sani da ke bin yadda wuta ke bi. Ya sha ƙwala mini sifana a kan haka."

Na ce Dogo, ka san abin da kake faɗa? Mutumin da sai an ɗaga shi.

Ya kwanta ƙasa da tumbinsa, ya zura hannu bayan bamba, ya lalubo. Waya a murɗe, makulli a rataye, yana sheƙi don taɓawa. Ya ce duk motar da Oga ya taɓa mallaka, a nan yake ɗaure na biyu.

Motar ba ta da ciwo. Ita dai ta ga an yanke wa ɗaki wuta, ta rubuta. Ya canza maƙalar da ta tsage, ya goge lambar.

Kafin ya tafi ya kalli kwaɗon, fuskarsa ta canza. Ya ce hayaƙin mota a rufaffen ɗaki ba ya sallama. Mutum zai ji barci kawai, ya zauna ya huta, shi ke nan. Ya ce duk wanda ke buɗe ƙofar nan da can, Allah ya yi masa albarka.

Ya miƙo mini makullin. Na karɓa na sa a jaka. Ya shiga gaida Oga, ya fito idonsa ja, wai hayaƙi ne.

Sandar na bayan ƙofa inda take. Na ɗaga ta. Farar hoda a ƙafafunta.

Alhamis, 20 ga Maris

Asibiti. Likita ya duba ƙirjinsa, ya ce babu abin tsoro. Ban ce wa mai gashin ƙashi komai ba.

A hanya ina kallonsa ta madubi. Ba titi yake kallo ba. Ya karkata kai, kunnen dama wajen inji, ido a lumshe. Shekara guda ina kai shi ina dawo da shi, na ɗauka gyangyaɗi yake.

Makulli biyu a jakata yanzu. Magana ta ƙare, babu mai sake tayar da komai. Haka ya kamata. Wanda ya faɗi sau ɗaya ba a ba shi damar na biyu.

Jumma'a, 21 ga Maris

Ban je shago ba. Na yi sallama kamar kullum, na buga ƙofar waje, na zagayo ta baya na zauna a kicin. Ni da gidana, ina laɓe.

Shiru, shiru. Har na ce Dogo ya ruɗe ni.

Sai na ji. Ƙwas. Sannan shuuu. Ƙwas. Shuuu. Daga ɗakinmu, ta lungu, a hankali. Na san ko wane ne. Na san, amma kunnena bai yarda ba. Ya wuce ƙofar kicin bai juyo ba. Ya fi yadda nake tunawa tsawo. Na manta tsawonsa, kullum daga sama nake kallonsa.

Ya zare sakatar ƙofar ciki da haɓa da hannu. Na bi shi na tsaya a duhun lungu. Ya jingina da mota, ya sulale ƙasa a hankali, irin sulalewar wanda ya saba. Ya zura hannu bayan bamba.

Ya laluba. Ya sake lalubawa. Ya jawo wayar, babu komai a jikinta. Ya kalle ta.

Bai yi kuka ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin taya, ya zaro dogon sukudireba daga ƙarƙashin kanta. Ya ɗora bakinsa a jikin motar da ke kashe, ya manna ƙotar a kunnen dama. Yana sauraron ƙarfe mai sanyi.

Baƙin kunnen ke nan.

Na koma kicin. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na ji ƙwas, shuuu, ya koma. Da na shiga da abincinsa yana kwance yadda na bar shi, bargo har ƙirji, sanda a bayan ƙofa. Ya kalle ni, na kalle shi. Na ce, "Ka yi barci?" Ya gyaɗa kai.

Tsoho da furfura, yana yi wa matarsa ƙarya. A gidan nan kowa ya iya.

Asabar, 22 ga Maris

Ban yi ɗinkin kirki ba. Na ɗinke hannun riga a wuya.

Lahadi, 23 ga Maris

Na kira yayar Auta na ce ta ba shi wayar. Na ce, "Ka san ba ka kyauta ba. Uwa ta tambaye ka, ka yi mata shiru."

Ya ce, "Abba ne ya sa yatsa a baki ranar da na fara ganinsa, Umma. Kuma na san in kin ji za ki ɗauke sandar."

Na ce ba a tambaye shi abin da ya sani ba. Na ce wankinsa na nan jibge a kwando, ni ba baiwar kowa ba ce, kuma kwanan falon suruki ba mutunci ba ne ga namiji. Ya ce to. Ya ce, "Ƙofar fa?" Na kashe wayar.

Talata, 25 ga Maris

Kwaɗon nan dama ya fara tsatsa, yana ba ni wahala. Na cire shi. Wayar bayan bamba kuma, sunkuyon ya yi wa mai ciwo yawa, kowa ya san haka. Na buga ƙusa a jikin ƙofar ciki, daidai kafaɗa, na rataye abin a nan. Don kada ya ɓata ne kawai.

Auta ya dawo jiya da jakarsa. Ya rame. Yayarsa ba ta iya ciyar da mutum ba, zan gaya mata.

Yau ban fita da wuri ba, ina da kaya da zan yanka a gida, kuma haske ya fi kyau a bakin ɗakin mota in an wangale babbar ƙofa. Na kafa tebur a nan. Da na ji ƙwas, shuuu, ban ɗaga kai ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Na ce wa almakashi, "In mutum zai wuce ya wuce, yana tare mini iska."

Auta ya ɗaga masa bonet. Inji ya tashi. Maƙalar soket na biyu ta yi masa tauri, hannu ɗaya ba ya isa, yaron kuma yana riƙe da shi ta baya kada ya faɗi. Babu wani a wurin. Na ajiye almakashi na danne masa da babban yatsa, ya zare. Muryar injin ta faɗi, ta yi rawa. Ya sa sukudireba a kunne, ya lumshe ido. Ya mayar. Murya ta dawo. Ya bubbuga motar sau biyu da tafin hannu, kamar yadda yake yi wa yara a ka in sun ci jarrabawa.

Sai ya miƙo mini ƙotar. Na ce ni ba na wasan yara. Bai sauke hannu ba.

Ƙara ce kawai. Kamar keken ɗinki daga nesa, mai zare daidai.

Wutar ta kama, ba sai an faɗa ba. Dogo ya ce in kawo ya goge. Na ce sai na samu lokaci. Ba ta dame ni ba, kuma ko an goge, jibi zai koma kan ta ɗaya.

Baƙin kunne ba ya fita da sabulun wanka, sai na wanki. Nawa har yanzu da saura.